Fuskar Baba a Bayan Keke

Tun ranar da fuskar mahaifinta ta fara yawo a bayan keke napep a garin Minna, Aziza ba ta ƙara cin abinci a tsakar gida ba. Ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce ta zo. Nna Salamatu, mahaifiyarta, takan zuba mata nata a kwano ta ajiye a bakin ƙofa, ta juya ba tare da ta ɗaga labule ba.

Gidan Alhaji Kudu da ke Tudun Fulani gidan surutu ne a da. Mutanen Bida ne, in aka soma gaisuwar safe sai shayi ya huce ba a gama ba. Yanzu kuwa ba ka jin komai sai ƙarar tsintsiya da kukan tantabarun maƙwabta.

Duk wannan a kan mutum ɗaya ne, Zikrullahi, saurayin Aziza, wanda da an bar al'amura yadda suka taho, da bayan babbar salla danginsa za su kawo kayan sa rana.

Zikrullahi mai zane ne. Labarin zane yake yi, irin wanda ake jera hotuna ana sa wa mutane magana a baki, yana sakawa a Fesbuk duk ƙarshen mako. Jaruminsa shi ne Barde Walƙiya, wani ɗan masunta da tsawa ta faɗa wa a bakin ruwan Shiroro, ya farfaɗo da wuta a tafin hannunsa. A garin da ake kwana ana tashi da zancen ɗauke wuta, ba sai an gaya maka yadda ɗaliban jami'a da ke unguwar Bosso suka rungumi wannan Barde ba.

Abu ɗaya masu karatu suka daɗe suna ƙorafi a kai, mugayen labarin. Dodanni ne masu ƙaho da jela. Wani ya rubuta cewa ko akuya ba za su tsorata ba, wata ta ce kai ka ce daga ƙasar waje aka yi odarsu. Su mugu irin namu suke so, wanda za ka iya zama kusa da shi a mota ba ka sani ba. Maganar ta yi wa Zikrullahi zafi, ya yi alkawarin zai sake su gaba ɗaya.

Ya kuwa cika alkawari. Babban mugun, wanda a da inuwa ce kawai mai jajayen idanu, ya dawo dattijo mai farar babbar riga, hula a karkace ta hagu, ɗan siririn gemu, ga tsaga guda ta gangaro daga gefen hanci ta ratsa kumatu. Ya ɗaga yatsa sama, bakinsa a buɗe, fitilun gari suna mutuwa a bayansa. Aka sa masa suna Baban Duhu.

Kafin la'asar ta wannan rana sharhi ya fi ƙarfin karantawa. Masu yabon idon dattijon suna yi, masu yabon yadda rigar ta kwanta a kafaɗa suna yi. Wasu suka ce mugun ya fi Barde kwarjini, a gyara Barde. Wani ya ce sa masa tsaga cin fuska ne ga Nufawa, wasu Nufawan suka taso masa suka ce su dai sun ji daɗi, yau ga nasu a labari. Ana cikin haka sai ga wani gajeren sharhi ya faɗo tsakiya.

"Ikon Allah. Wannan ba Alhaji Kudu mai tagulla ba ne na babbar kasuwa?"

Suleiman ne ya rubuta, ɗan yayan Nna Salamatu, mai sayar da kayan gyaran mota. Wai tambaya yake yi. Mutumin da ya girma yana cin tuwo a gidan, wanda ya nemi auren Aziza ta ba shi haƙuri cikin mutunci, shi ne yau yake tambayar duniya ko wannan mijin gwaggonsa ne.

Duniya kuwa ta amsa masa. Alhaji Kudu mutum ne da bai yarda da hoto ba, in ban da na fasfo da aikin Hajji ya tilasta masa, ko a wayar 'ya'yansa babu fuskarsa. Sai ga shi cikin 'yan kwanaki ya zama sitika a Wasap, ana tura shi duk lokacin da aka ɗauke wuta. Masu keke suka buga shi suka manna a baya. In ya ratsa layin kasuwa sai ya ji ana cewa a ɓoye fitila, ga Baban Duhu nan.

Ranar da maganar ta iso gida bai yi faɗa ba. Ya dai aika aka gaya wa kawun Zikrullahi cewa a dakata da maganar sa rana, ya shiga ɗakinsa ya rufe.

Aziza tela ce. Shagonsu ita da ƙawarta Magdalene, wata 'yar Gwari daga Kuta, yana bakin titin da ya nufi Bosso, kekunan ɗinki biyu da teburin yanka. Nan ne kaɗai take iya yin numfashi, shi ma ba sosai ba, domin duk keken da ya wuce sai ta sunkuyar da kai kada ta ga bayansa.

Kiran Zikrullahi kuwa ta daina ɗauka. Waya za ta yi ta ruri a cikin tsummokaran atamfa har ta gaji. Tana son ta ji muryarsa kamar ta mutu, tana kuma jin in ta ji za ta tsane shi, ita kuwa ba ta shirya tsanarsa ba.

Wata rana da azahar ya zo da kansa. Bai shigo ba, ya tsaya a rana daga tsallaken kwata, ya rame, rigarsa ko guga babu. Aziza ta ci gaba da taka keke kamar ba ta gan shi ba, har Magdalene ta gaji ta tsayar da nata.

"Haba Aziza, ka ji tausayi mana. Mutum zai narke a kofar shago, a ce mu ne."

Magdalene ta ɗauki jakarta ta ce za ta je sayo zare, ta tura shi ciki ta wuce.

Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya kasa kallonta. Ita ma ba ta ɗago ba. Can ya ce, "Aziza, wallahi ban san shi ba ne."

Ta tsayar da keken.

"Ba ka san Baba ba? Mutumin da ka shiga zaurensa ka durƙusa a gabansa?"

"Shi ne ai. Durƙusawa na yi."

Ta dube shi a karo na farko, idanunta sun ciko.

Sai ya warware mata. Kafin zuwansa gaisuwar farko, kawunsa ya zaunar da shi ya ja masa kunne, ya ce mutanen Bida ne, tarbiyya suke dubawa kafin komai. Ya cire takalmi tun daga waje, ya tsuguna, kada ya kuskura ya ɗaga ido ya kalli suruki. Shi kuwa don tsoron kada ya rasa ta, ya bi maganar fiye da yadda aka gaya masa. Duk zuwan da ya yi, bai san komai na Alhaji ba sai ƙafafunsa, da bakin tabarma, da carbin da yake ja.

Aziza ta tuna abin da Baba ya ce bayan tafiyarsa ranar farko, har Nna ta zo ta gaya mata tana dariya. Ya ce yaron yana da kunya, irinsu sun yi ƙaranci. Wannan sunkuyar da kan ne ya sa aka ba shi ita.

"To a ina ka samo fuskarsa?" ta tambaya.

A kasuwar Kuta ne. Al'adarsa ce in yana neman sababbin fuskoki ya hau mota ranar kasuwa, ya sami gindin bishiya kusa da 'yan doya ya zauna da takarda da fensir, yana zana duk wanda ya burge shi. Ran nan ya hango wani dattijo can nesa a bakin wata mota, ya ɗaga yatsa yana yi wa masu sauke kaya faɗa. Hayaniyar kasuwa ba ta bar muryar ta iso shi ba. Fuskar kawai ya gani, ya ce a ransa ya sami abin da yake nema.

Aziza ta san ranar. Ranar ce aka yar wa Baba da ɗaurin farantan tagulla suka lotse, ya dawo gida yana istigfari saboda ya ɗaga murya, kasuwa ta gaba ma sai da ya nemi mutanen ya ba su haƙuri. A shekara guda ba lallai ka ji ya yi fushi sau biyu ba. Wannan fushin guda ɗaya shi Zikrullahi ya kama ya raba wa duniya.

Hawayen suka zubo, ba ta share ba.

"Sau nawa na roƙe ka ka nuna mini sabon mugun nan kafin ka saka? Ka ce kai ba ka nuna wa kowa, ko ni, wai albarkar zanen guduwa take yi. Da ka bar ni na leƙa sau ɗaya, Zikiru. Sau ɗaya kawai."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai kana ɗakinka a Bosso ana yabonka. Ni ce nake kwana a gidan da ba mai yi mini magana. Ni ce in na hau keke nake zama da fuskar ubana a bayana, mai keken yana ba ni labarin yadda yake haɗiye wuta."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa, kafaɗunsa suna girgiza. Ya ce ta gaya masa abin da zai yi, ko hannun ne a yanke ya yarda. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Abin da ya fi ci mata rai bayan tafiyarsa shi ne ta yarda da shi. Da ƙarya ya yi, da ta sami abin riƙewa ta cire shi daga ranta. Amma gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta gyara komai ba.

A daren ranar ya goge zanen daga shafinsa. Da gari ya waye masu karatu suka yi masa caa. Ina Baban Duhu? Wa ya ba shi izinin kashe musu mugu? Ba a jima ba wani mai bin diddigi ya tono dalili, sai akalar ta juyo kan Aziza. Waɗanda ba su taɓa ganinta ba suka yi ta rubutu, wai tun ba a ɗaura ba ta fara mulki, wai mace ɗaya ta hana dubban mutane jin daɗi. Takan zauna a ɗakinta bayan la'asar tana karantawa ɗaya bayan ɗaya, ta san bai kamata ba, amma aƙalla su suna ambaton sunanta.

Gogewar ma ba ta yi amfani ba, zanen ya riga ya shiga kowace waya.

Kawun Zikrullahi ya ɗauko dattawa biyu suka zo ban haƙuri. Alhaji Kudu ya karɓe su hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwa da goro, ya yi musu hirar damina da tsadar doya. Duk sanda kawun ya gyara murya zai shiga magana, sai Alhaji ya tambayi lafiyar wani. Haka ya rako su har bakin titi ba su faɗi abin da ya kawo su ba.

Daga nan ne Zikrullahi ya yi dabarar da ya ga ita ce mafita, kuma wannan karon ma bai nuna wa kowa ba. Ya fitar da sabon babi, ya ba da tarihin Baban Duhu. Ashe ba mugu ba ne. Maƙerin fitilu ne da matarsa ta rasu wajen haihuwa a cikin duhu, shi ya sa yake kwashe wutar gidajen masu hali yana kaiwa ɗakunan haihuwa na ƙauye. A shafin ƙarshe Barde Walƙiya da kansa ya durƙusa a gabansa.

Ya zuba duk iyawarsa a zanen, kowa ya shaida. Garin gyaran gira kuwa aka rasa ido.

Masu karatu suka haukace. 'Yan mata suna rubuta cewa sun yi kuka, samari suna cewa daga yau su 'yan Baban Duhu ne, Barde ya je ya huta. Aka buga riguna. Da can tsokana ake yi daga nesa, yanzu ƙauna ce, ita kuwa ƙauna har rumfa take biyo mutum. Ɗalibai suka riƙa zuwa babbar kasuwa rukuni rukuni, suna tsayawa a gaban tagullar Alhaji suna ɗaukar hoto da shi ba tare da sun tambaya ba. Wata yarinya sa'ar Aziza ta roƙe shi ya ɗan ɗaga yatsa kamar yadda yake a zanen.

Ranar ya rufe rumfar da rana tsaka, bai sake buɗewa ba.

Wanda ya ci ribar wannan duka Suleiman ne. Kullum da yamma motarsa mai baƙin gilashi tana ƙofar gida. Shi ke kai Alhaji duk inda za shi ba wanda ya gan shi, shi ke zama da shi a zaure yana jajanta masa lalacewar 'ya'yan zamani. In Aziza ta dawo daga shago ta gaishe shi, sai ya amsa a tausashe, har da tambayarta ko jikin nata lafiya, ya ga ta rame.

Wata safiya Nna Salamatu ta ɗaga labulen da ta daɗe ba ta ɗaga ba, ta shigo ta zauna a bakin gado. Zuciyar Aziza ta yi sanyi don murna, ta ɗauka hira ce ta dawo. Ashe aike ne.

Nna ta fara da nisa, ta yi zancen zumunci, da yadda na gida yake rufa asiri. Ta ce Suleiman bai taɓa fasa maganarsa ba, ko yau aka ce ya fito zai fito. Ta ce mutumin da ya tsaya wa ubanka ranar da duniya take masa dariya, ba ka da abin biyansa.

"Nna, shi ne fa ya fara faɗin sunan Baba. Da bai rubuta ba, da ba wanda ya lura. Zan iya nuna miki."

Nna ba ta ko dubi wayar ba.

"Na ji. Shi ya nuna. Wa ya zana?"

Aziza ta sauke wayar.

"Kin ga mahaifinki yana cin abinci? Kin ga yana barci? Shekara nawa yana sasanta 'yan kasuwa, in ya yi magana an gama. Yau yara ne suke ce masa ya ɗaga yatsa. Ke kuma kina nan kina kukan saurayi."

"Ba da gangan ya yi ba, Nna."

"Wanda mota ta take, ina ruwansa da ko da gangan ne?"

Ta tashi ta fita. Aziza ta kifa kanta a kan filo ta yi kuka mai isarta, ba ta ma san wa take yi wa ba, Baba ko Zikiru ko kanta.

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji Kudu ya aika a kira ta. Ta same shi a ɗakinsa a kan buzu, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi da Nufanci kamar kullum. Ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya ce ta matso, ta ɗago ta dube shi.

Ta ɗago da ƙyar. Ya faɗa sosai, hular ma kamar ta yi masa yawa.

Ya sa yatsa ya bi tsagar kumatunsa a hankali. Ya ce kakarsa ce ta riƙe shi aka yi masa ita yana jariri, irinta ce a fuskar ubansa da kakansa. Da ita ake gane gidansu a Bida tun kafin mutum ya buɗe baki. Da aka haifi yayan Aziza, zamani ya canja, an ce a daina, shi ma ya ga gaskiyar hakan bai yi wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka a zuriyarsu shi ne na ƙarshe da yake ɗauke da ita, ya so ya kai ta kabari da mutuncinta.

"An gaya mini yadda abin ya faru," ya ce. "Na yarda bai san ni ba ne. Na kuma yafe masa, tsakanina da Allah."

Aziza ta buɗe baki za ta yi godiya. Ya ɗaga mata hannu.

"Ban gama ba. Ni ba zan yi miki dole ba, ban yi wa yayyenki ba. Zancen Suleiman na uwarki ne, ba nawa ba. In har yanzu yaron nan kike so, ƙanena zai karɓi sadaki ya ɗaura, ba abin da za a rage miki na kayan ɗaki."

Ya ɗan tsaya yana jan carbi.

"Amma ni ranar ina Bida. Kin san su wa za su cika wurin, mutanensa ne, kowa da waya a hannu. Ba ango za su zo gani ba. Bayan nan ma, duk suna, duk salla, in ya shigo gidan nan ya tsuguna, ni na san abin da hannun nan ya yi, shi ma ya sani. Ba zan iya ba, Aziza. Na gwada a raina na ga ba zan iya ba."

"Baba..."

"Ki je ki yi tunani. Abin da kika zaɓa, Allah ya sa albarka."

Da duka ya yi mata, da zagi, da ta san yadda za ta yi. Ta tashi ta fito.

Ta kira Zikrullahi da yammar, karo na farko tun zuwansa shago, ta gaya masa yadda suka yi. Murna ta kama shi. Shi abin da ya ji kawai an yafe, an kuma ce a ɗaura. Ya ce sauran duk lokaci ne zai gyara, in jikoki suka zo ba kakan da yake gudun jikansa. Ya ce zai bar zanen gaba ɗaya, ya koma fentin allunan shaguna, za su yi ƙaramin biki ba wanda zai sani. Yana magana tana jin zuciyarta tana karkata, domin abin da take so ta ji ke nan. Ta ce ya biyo ta shago gobe kafin masallaci, za ta ba shi amsa.

Ta kwana da niyyar cewa to.

Washegari Juma'a ya zo da wuri, cikin sabuwar shadda ruwan toka, ya yi aski. Magdalene ta dube shi ta ce yau dai ango ya tuna da dutsen guga, ta koma can ciki tana yanka don ta ba su wuri. Suka tsaya a ƙofar shago, shi ya ba titi baya yana fuskantarta, yana ta lissafa mata ɗakin da ya gani a Bosso mai baranda, inda za ta sa kekenta.

Titi ya fara cika da masu tafiya masallaci, manyan riguna da dardumai a kafaɗa, ƙamshin turare yana tashi. Aziza tana murmushi tana sauraronsa, idonta ya sauka a kan wani mutum can tsallake.

Shi kaɗai yake tafiya, a can gefen kwata inda ba kowa. Ta san rigar, ita ta yi mata aikin wuya da hannunta. Ta san tafiyar, ta Baba ce. Amma hular an danno ta har gira, fuskar kuma daga ƙarƙashin ido zuwa haɓa a rufe take da shuɗin takunkumi irin na asibiti, ya ja shi sama sosai yadda ko kan tsagar ba ya fitowa.

Wani keke ya rage gudu kusa da shi yana neman fasinja. Dattijon ya juya fuskarsa wajen bango ya tsaya, sai da keken ya wuce sannan ya ci gaba. Da ya zo daidai shagon bai waiwayo ba, ya ƙara sauri, kansa a ƙasa.

Murmushin ya bushe a fuskar Aziza. Ta bi shi da ido har ya shige cikin jama'a.

"Mene ne?" Zikrullahi ya tambaya. Ya waiwaya, bai ga komai ba sai bayan mutane. "Aziza, me ya faru? Me kika gani?"

Ta girgiza kai. Hawaye suna zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ka tafi masallaci, Zikiru, kada ka rasa salla."

"Amsar fa? Kin ce yau."

"In an idar, kada ka biyo ta nan. Gobe ma haka."

Ya tsaya kamar bai ji Hausar ba. Ya kira sunanta, ya sake kira. Ya ce ta tuna alkawarinsu, ta tuna Baba da bakinsa ya ce ya yafe. Ta ce ta tuna. Ta ce tana son sa yau fiye da jiya, kuma ba ta jin akwai ranar da za ta daina, amma ya tafi.

Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Ya daɗe a tsaye, dardumarsa ta zame daga kafaɗa ta faɗi a ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka. Sannan ya juya ya bi sawun mutane, yana tafe yana waiwaye.

Aziza ta koma ciki ta zauna a gaban kekenta, ta jawo rigar da ta bari rabi. Magdalene ta ajiye almakashi ta zo ta tsaya a kanta.

"Ka ce masa ya tafi? To yanzu Suleiman din ne?"

"Ba kowa," in ji Aziza.

Ta ɗora ƙafa a kan feda, ta kasa takawa.